Baƙon Kwaɗo da Kwaɗin Fadamarmu

Ya ku ɗalibai da 'yan'uwa cikin Ubangiji, duk wanda ya kwana a Nasarawa da damina ya san kukan kwaɗi daga fadamar Rima. Ni kam ina jin daɗin wannan kuka, domin kwaɗin nan ma'aikatanmu ne da ba mu biyansu ko kwabo. Su ne ke cinye ƙwarin da ke ɓata shinkafa daga Birnin Kebbi har Argungu. Shi ya sa nake so in ja mana kunne a kan wani baƙon kwaɗo.

Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne. Ƙato ne ƙwarai, yakan kai rabin kilo, macen kuma takan saki ƙwai har 20,000 a lokaci guda. An kai shi Japan a 1918 domin namansa, daga baya aka kai shi Koriya da Italiya da Brazil. A wurare da yawa ya tsere daga inda ake kiwonsa ya shiga tafkuna. Duk abin da bakinsa zai iya haɗiyewa abincinsa ne: ƙananan kwaɗi, kifi, macizai, har 'yan tsuntsaye. Ban da haka yana ɗauke da wata cutar fata wadda ba ta cika kashe shi ba, amma takan hallaka kwaɗin da ya tarar.

Mutanen Ostareliya ma sun ɗanɗana irin wannan. A 1935 sun shigo da wasu kwaɗi 102 daga Hawai don su cinye ƙwarin rake. Ƙwarin ba su ƙare ba, kwaɗin kuwa sun zama miliyoyi, dafinsu yana kashe macizai da guza har da kada.

Damuwata ita ce, waɗansunku za su shiga kiwon kifi ko wata sana'ar ruwa bayan makaranta. Wata rana wani zai yi muku tallan dabba daga waje, ya ce akwai riba. Ku tuna fadamarmu tana ambaliya kusan kowace shekara, abin da ke cikin kududdufin mutum ɗaya kuwa gobe yana cikin gulbin kowa. Kada ku saki baƙuwar dabba a ruwa sai kun nemi shawarar malaman gona.

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya lura da ita. Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe wannan amana. Amin.