Harafi Ɗaya a Cikin Jini

Daren da ɗan yayata ya kwana yana kuka a unguwar Hajara, sanyin Sabha muka fara zargi. Watan Janairu ne, iskar sahara na kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yaron ya ƙanƙame gwiwarsa yana cewa, "Kawu, ƙashina ake sara." Yaya ta ce amosani ne, maƙwabciya ta ce iska. Washegari aka auna jininsa, likita ya ce sikila ce.

Na sha karanta sanarwar gwajin jini kafin aure a rediyo, amma sai ranar na nemi sanin me nake karantawa.

Ashe tushen abin ƙwayar gado ce guda, mai suna HBB, a kurumosom na 11. Ita ke ba jiki umarnin ƙera wani sashe na haimoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutunta. Idan oksijin ya yi ƙasa, sai sinadarin ya dunƙule kamar sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon da yaron ke ji ke nan. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki kan tayar da ciwon, ga shi Sabha ba ta rasa ɗayansu.

Yaya da mijinta duk AS ne, ba su taɓa sani ba, domin mai AS yawanci garau yake, har yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Amma idan biyu suka haɗu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

"Da mun sani fa?" in ji Yaya. Ban iya ba ta amsa ba.

A satin na miƙa hannuna aka ɗebi jini. Ni ma AS ne. Akwai wadda nake nema a Kano, inda tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Ba doka nake tsoro ba, kukan daren nan nake tsoro. Na kira ta na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce ranar Litinin za ta je asibiti.

Yau Lahadi.