Me Za A Ajiye, Me Za A Share?

A hutun da ya wuce na tafi ƙauyenmu domin in ɗauki muryar kakata, saboda aikin da aka ba mu a kan waƙoƙin niƙa da na daka. Kwana uku ina zaune gabanta da waya a hannu, ita kuwa tana rerawa tana dariya, tana cewa, "Kai ɗan nan, me boko zai yi da waƙar dutse?" Bayan na dawo makaranta da 'yan watanni sai wayar ta cika. Na bi abubuwan da na daɗe ban buɗe ba na share, ina zaton waƙoƙin duk suna cikin kwamfutar abokina. Ashe rabi kaɗai suka shiga. Da-na-sani ƙeya ce.

Shi abokin nan nawa ilmin kwamfuta yake karantawa. Da ya ga na yi jugum sai ya ce, "Malam, ai abin da ka yi shi injuna ke yi kullum." Ya bayyana mini cewa kowace kwamfuta da ke cikin sarƙar sadarwa wurin ajiyarta ƙayyadadde ne, alhali kuwa fayiloli ba su da iyaka. Saboda haka tilas a amsa tambayoyi uku: kwafi nawa za a yi, a ina za a ajiye su, kuma wanne za a fitar idan wuri ya cika. Ƙa'idojin lissafin da ke yanke wannan hukunci su ake kira algoridim.

A shekarar 1966 wani masani a kamfanin IBM mai suna László Bélády ya nuna cewa hanya mafi kyau ita ce a fitar da abin da za a fi daɗewa ba a sake buƙatarsa ba. To, amma wa ya san gobe sai Allah? Don haka aka koma ga kintace, wato a fitar da wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Kamar mai tebur ne a bakin hanya, ba ya shimfiɗa sai kayan da ake yawan tambaya. Da irin wannan tunani kamfanin Netflix ya fito da wani tsari a 2012, inda yake ajiye injuna kusa da masu kallo, yana cika su da finafinan da yake sa ran za a fi nema, a lokacin da hanyoyin sadarwa ba su da cunkoso.

Akwai kuma wata ajiyar da manufarta daban ce, wato tsare abu kada ya salwanta. A 2003 injiniyoyin Google suka bayyana tsarinsu na yi wa kowane guntun fayil kwafi 3. Tsarin Hadoop ma haka yake yi, yana kuma raba su a kantocin injuna biyu, ta yadda in wuta ta ɗauke wa kanta ɗaya, ɗayar tana nan. Manomin da ya raba hatsinsa a rumbuna masu nisa da juna saboda gobara ya riga su sanin wannan.

A nan na gane kuskurena. Na ɗauki dokar mai tebur na yi aiki da ita a kan kayan rumbu. Fim ɗin da aka fitar daga injin unguwa yana nan a babbar ma'ajiya, ana iya sake jawo shi. Waƙar kakata kuwa ba ta da wata ma'ajiya sai ƙwaƙwalwarta, ga shi injin niƙa ya kori dutse, jikokinta mata ba su iya ko baiti ɗaya ba.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancin abin da muke tattarowa daga bakin tsofaffi ba ya da farin jini, ba a buɗe shi kullum, kuma shi ne farkon abin da hannu ke kaiwa idan waya ta cika. Rabin da ya tsira yanzu yana wuri uku: kwamfutar abokina, da katin ajiya a akwatina, da wurin malaminmu. Sauran kuwa, in Allah ya kai mu hutu, zan koma in durƙusa gaban kaka, in ta yarda ta sake rera mini.