Teburin da na yi wa Baba

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan Yamai. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, kuma ban taɓa koyon aikin kafinta ba. Amma bara na yi tebur guda da hannuna. Ga abin da ya sa.

Babana mahalbi ne a wani ƙauye na ƙasar Dogon Dutsi. Ya gaji bindiga wurin ubansa, irin wadda maƙera ke ƙerawa, ana ɗura ta ta baki. Ita ce ake ce wa harba-ka-ruga. Yanzu naman daji ya yi ƙaranci. Bindigar ba ta cika fita ba sai ran Salla, ko in dabba ta dami gona da ɓarna. Amma kayanta suna nan. Tun ina yaro, a ƙasa Baba ke aikinsa. Ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ajiye ƙahon albarushi nan, harsashi can, tsumma da mai a gefe. In ya gama, sai ya tura ƙahon ƙarƙashin buzu. Mu duka mun saba. Sabo kuwa turken wawa ne.

Bara da hunturu aka kira ni a waya. Ɗan wana, yaro mai shekara 5, ya ɗauki ƙahon. Ya sha ganin kakansa yana zuba abin a tafin hannu, shi ma ya so ya gwada. Sanyi ake yi, akwai garwashi a kasko. Sai ya zuba a kai. Wuta ta tashi, ta cinye masa hannun dama da gira. Aka shafa masa mai, aka sa shi a amalanke zuwa gidan likita. Likita ya ce shafa man kuskure ne. In mutum ya ƙone, ruwa mai tsabta mai sanyi ake zuba wa wurin, har wajen minti 20, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi likita. Ku riƙe wannan. Yaron ya yi mako 3 a kwance.

Da na je gida, na tarar Baba ba ya cin abinci sosai. Wana ya ce a jefa bindigar rijiya. Baba bai ce uffan ba. Ni na san in aka raba shi da ita, an raba shi da ubansa. Kuma na san in aka bar kayan inda suke, akwai sauran jikoki 6 masu yawo a zauren nan. Na kwana ina tunani. Da safe na ce, "Baba, ku bar ni in yi muku wurin aiki."

Ya ce, "Tebur? Ni na zama akawu? Kakanninka a ƙasa suka yi aiki."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ban ƙara ba. Amma bai ce a'a ba.

Na komo Yamai na tambayi wani kafinta. Ya ce jika 25. Ba ni da su. Sai na shiga kasuwar Katako. Wanda bai san ta ba, kasuwa ce da ba a yar da komai. Tsofaffin katakai, ƙarafa, tayoyi, kwano, duk akwai. Har gwangwani ake narkawa a zuba tukwane. Na sayi tsofaffin katakai masu kauri na jika 3, ƙusoshi na dala 100, da kwaɗo na jika 1. Duka jika 4 da rabi. Wani ya ba ni guntun robar taya kyauta.

A ajinmu na dare akwai wani dattijo, kafinta ne da ƙarfi ya fara barinsa. Ni ke koya masa baƙi. Wannan karon shi ya zama malami, ni ɗalibi. Ya ara mini zarto da guduma. Da na ce zan shimfiɗa kwano a bisa tebur don ya daɗe, sai ya riƙe baki. Ya ce, "Mushe, kana so ka ƙarasa tsohon? Ƙarfe in ya gogi ƙarfe yana fid da tartsatsi." Ya sa na bar saman katako zalla. Ƙusoshin ma ya ce in buga su daga ƙasa da gefe, kada kan ko guda ya fito a sama. Ya sa na kewaye bakin teburin da siririn katako, kamar bakin faranti, don kada harsashi ya gangara ƙasa yaro ya tsinta ya sa baki. Wannan dabara ba ta zo mini ba ko kaɗan.

A ƙarƙashi muka yi akwati. Robar taya ta zama abin da ke riƙe murfi, kwaɗo ya rufe gaba. Dattijon ya ce akwatin na ƙaho ne kaɗai. Bindiga a rataye ta can sama a wani ɗaki, babu komai cikinta.

Kuskurena guda ne. Na auna tsawon da teburin ajinmu, inda nake tsayuwa in yi rubutu. Na manta Baba ba zai yi aiki a tsaye ba.

Na ɗaure katakan bisa mota, muka kama hanyar Doso. A Kure muka ga raƙuman dawa 3 a bakin hanya. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage, yau sun wuce 600, don an hana taɓa su. Sai na tuna akwai wata magana da ya kamata in yi da Baba. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta faɗi dabbobin da aka hana kashewa, ta kuma faɗi takardun farauta. Tun 1994 kuma gwamnati na da hukumar tattara makaman da ba su da izini. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, bindiga marar takarda tana iya jawo wa tsoho abin da bai taɓa mafarki ba. Wanda ke da ita, ya je ya tambayi ma'aikatan gandun daji ko jandarma abin da ya kamata. Mun je tare da wana, mun tambaya.

Da muka haɗa teburin, Baba ya kewaya shi sau 2. Ya ce, "Wannan na raƙumi ne." Yara suka yi dariya. Na ɗauki zarto na rage ƙafafu, har ya dace da mai zama bisa turmi. Muka kai shi wata rumfa ta bayan gida, nesa da madafa, nesa da rumbu. Muka ɗora ƙafafun bisa duwatsu saboda gara. Na roƙi Baba abu biyu: kada ya yi aikin da dare da fitila, kada kuma ya bar mai shan taba ya zauna kusa. A kan murfin akwati na rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A KAWO WUTA NAN.

Baba ya ce, "Me ka zana?" Na karanta masa. Ya ce, "Ai wanda ya ƙone bai iya karatu ba." Ban sami amsa ba. Na miƙa masa mabuɗi.

Wata 2 bai taɓa teburin ba. Inna ta ce kaji ne ke kwana a kai. Amma ƙahon yana cikin akwati tun ranar farko, wannan ta tabbatar mini.

Da Babbar Salla na koma gida. Na same shi zaune bisa turmi, ya shimfiɗa buzunsa a kan teburin, yana goge bindiga. Mabuɗin yana rataye a wuyansa, igiya ɗaya da layarsa. Yaron yana tsaye daga bakin rumfa, bai shiga ba. Yatsunsa 2 na dama ba su miƙewa. Bana za a sa shi lakwal. Na kawo masa allo da alli daga Yamai, mun fara gwada A da hagu.