Gasar Waƙa Ta Birnin Niyok Da 'Yar Mai Sayar Da Ƙanƙara

Cikin shekarar 1925 aka yi shela a birnin Niyok na ƙasar Amurka cewa za a yi gasar waƙa. Ladan wanda ya ci kuwa shi ne a ba shi dama ya tsaya gaban jama'a a filin Lewisohn, ya rera waƙa tare da ƙungiyar makaɗa ta Philharmonic, wadda aka kafa tun 1842. Mawaƙa wajen 300 suka ba da sunayensu. Cikinsu har da wata baƙar fata 'yar shekara 28, mutuniyar Filadelfiya, ana kiranta Marian Anderson.

Kafin mai karatu ya gane nauyin wannan lada, sai ya san abin da Turawa ke kira okestira. Taro ne na makaɗa da kan kai 80 ko 100, an kasa su kashi huɗu: masu goge manya da ƙanana, masu busa irin ta sarewa da algaita, masu busa ƙahonin tagulla, sa'an nan masu ganguna. Kowa da takardarsa a gabansa, an rubuta masa inda zai shiga da inda zai yi shiru, ga madugu tsaye da 'yar sanda yana auna musu lokaci. A ƙasar Hausa mawaƙi shi ne uban tafiya, in ya ja baiti makaɗa da 'yan amshi su bi shi, in ya ga dama ya sake hanya su juya tare da shi. A gaban okestira kuwa hanya a shate take tun kafin a fara. Tilas mawaƙi ya shiga daidai inda aka rubuta, ya auna numfashinsa, kuma muryarsa ita kaɗai ta fito sarari a kan kayan kiɗa masu yawan nan. Wanda duk ya saba waƙa da fiyano guda a ɗaki, ran da ya tsaya gaban wannan runduna ya san ya shiga babban kogi.

An haifi Marian a 1897. Ubanta yana sayar da ƙanƙara da kwal, ya rasu tana da shekara 12. Uwarta, wadda ta taɓa koyarwa a makaranta a jihar Bajiniya, ta koma wanki da goge daɓe don ta ciyar da 'ya'yanta mata uku. Tun tana 'yar shekara 6 yarinyar ke waƙa a majami'ar unguwarsu. Da ta tasa ta je neman shiga wata makarantar kiɗa a garinsu, aka sallame ta saboda launin fatarta, ba a ko saurari muryarta ba. Mutanen majami'ar, talakawa ne irinta, suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin koyo wurin wani malamin murya, Giuseppe Boghetti.

A 1924 aka shirya mata dare nata na kanta a zauren Town Hall na Niyok. Kujeru suka kwana babu kowa sai 'yan tsiraru, masu sharhi a jaridu kuma ba su raga mata ba. Ta koma gida da baƙin ciki, ta yi watanni ba ta son ko jin zancen waƙa. Watau dai wadda ta shiga gasar 1925 mace ce da birnin nan ya riga ya kunyata, ga kuma bashin alherin talakawan unguwa a wuyanta. In ta sake faɗuwa, da wane ido za ta dube su?

An yi zagayen tankaɗe a zauren Aeolian. Alƙalai suna zaune can sama, da wani ɗan abin ƙwanƙwasawa a hannu, in sun ji abin da ya ishe su sai su buga, mawaƙi ya sauka ko da yana tsakiyar baiti. Waƙar da Marian ta zaɓa daga wasan La Favorita ce na Donizetti, Ba'italiye, gwanintarta kuwa tana can ƙarshe, inda ake kaɗa murya. Bisa ga labarin da ita kanta ta bayar daga baya, malaminta ya gargaɗe ta cewa ko ta ji an buga kada ta tsaya sai ta kai wurin nan. Ba a buga ba. Da ta sauke, abokan takararta da ke zaune suka ɓarke da tafi, alhali kuwa an hana tafi a wurin. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole.

Ita ta ci gasar. Ran 26 ga watan Agusta 1925 ta tsaya a filin Lewisohn gaban dubban mutane, makaɗan Philharmonic na bayanta, Willem van Hoogstraten yana riƙe da sanda. Jaridun garin da suka kushe ta bara suka yaba mata bana.

To, sai dai cin gasa bai rushe katanga ba. Manyan zauruka da yawa na Amurka suka ci gaba da rufe mata ƙofa, masaukai suna hana ta ɗaki, jiragen ƙasa na kudu suna ware ta a taragon baƙaƙe. Sai da ta ƙetare teku zuwa Turai aka karɓe ta hannu biyu. A ƙasar Finland ta sadu da Sibelius, babban mai tsara kiɗa, a Salzburg kuma, cikin 1935, madugu Toscanini ya shaida mata cewa irin muryarta sau ɗaya ake ji a shekara ɗari. Duk da haka a 1939 wata ƙungiyar mata fararen fata ta hana ta zauren Constitution a Washinton. Uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice daga ƙungiyar don nuna fushinta, aka mai da waƙar fili gaban ginin tunawa da Lincoln, ran 9 ga Afrilu, mutum wajen 75,000 suka hallara. Gidan wasan Metropolitan na Niyok bai ba ta matsayi ba sai ran 7 ga Janairu 1955, shekara kusan 30 bayan gasar, tana gab da cika 58, ƙarfin muryar ya soma ja da baya. Ita ce baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a gidan.

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi masu shirya gasa ko'ina suke. Alherin gasar 1925 shi ne alƙalanta sun bar kunne ya yi hukunci, suka kuma ba da ladan da ya fi kofi ko tsabar kuɗi amfani, watau dandali da makaɗan ƙwarai, inda mai baiwa zai nuna iyakar abin da Allah ya hore masa. Amma gasa dare ɗaya ce, rayuwar mawaƙi kuwa shekaru ce. In gari ya ɗaga yaro sama ran biki, kashegari ya sake shi ba makaranta ba wurin aiki, an yi ban ruwa ne rana ɗaya aka bar shuka da fari. Ya kamata kuma a tuna da waɗanda ba a buga sunansu a jarida ba, masu wanki da 'yan dako na majami'ar nan da suka tara kwabo da kwabo. Ba don su ba, da alƙalan ba su sami abin saurare ba.

An rushe filin Lewisohn a 1973. Marian Anderson ta rasu a watan Afrilu 1993 tana da shekara 96, a birnin Portland, gidan ɗan ƙanwarta James DePreist. Shi kuwa a lokacin shi ne madugun okestira ta jihar Oregon, sanda na hannunsa.