Kayan Wasan Hoki: Wanda Ake Gyarawa Da Wanda Ba A Taɓawa

Jama'a, akwai wata tambaya da samari suke yawan yi mini a nan Kontagora, tun da suka lura har yanzu ban jingine gorar hoki ba, ko da yake furfura ta riga ta ci rabin kaina. Tambayar kuwa ita ce, wace gora ce ta fi kowace kyau, kuma nawa ne kuɗinta? Da wuya ka ji wanda ya fara da tambayar abin da zai kare ƙwaurinsa ko haƙoransa. Saboda haka na ga ya kyautu in ba da amsa a wannan fili, domin mai tambaya da wanda ya yi shiru su amfana baki ɗaya.

Ni dai ɗan wasan marece ne. Na koyi hoki, watau ƙwallon gora, a makarantar kwana a farkon shekarun 1980, zamanin da makarantu da yawa a Arewa suke da filin hoki daura da na ƙwallon ƙafa. Ban taɓa buga wa jiha wasa ba, balle in shiga ƙungiya irin Niger Flickers ta Minna, wadda ta daɗe tana fid da Jihar Neja kunya. Mu namu shi ne mu taru ran Asabar da Lahadi bayan la'asar a wani filin makaranta, da malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai, wani lokaci har da soja ɗaya ko biyu daga bariki, mu motsa jini har a kusa kiran magariba. Da irinmu nake magana, waɗanda ba mai saya musu kaya sai aljihunsu.

To, kafin mutum ya auna gora, sai ya fara duban ƙasar da zai buga a kanta. A shekarar 1976, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, aka fara buga hokin wasannin Olamfik a kan ciyawar roba, wadda ake shimfiɗawa sumul kamar darduma, a kuma yayyafa mata ruwa. Tun daga nan wasan ya sake kama. Ƙasar Indiya, wadda ta ci lambar zinariya sau shida a jere daga 1928 zuwa 1956, ta ƙare a matsayi na bakwai a wannan shekara. Ta sake cin zinariya a 1980, sa'an nan ba ta ƙara samun kowace irin lamba ba sai a 2021. Mutane da yawa suna ganin tsadar shimfiɗar nan tana cikin abin da ya ja ƙasashe marasa ƙarfi baya. Masu ƙera gora kuwa suka bi kiɗan da ya sauya, har ya zamana yawancin manyan gorori na yau don ciyawar roba aka yi su, irin wadda ke filin wasa na ƙasa a Abuja, inda aka yi wasannin Afirka a 2003.

Filinmu fa? Da damina ciyawa ce ke tashi, sai mun sa lauje da adda. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙamas, tsakuwa ta fito fili, ƙwallo ya riƙa tsalle kamar fara. Gorar da aka yi da zaren kabon mai yawa tana da tauri ƙwarai, bugunta da ƙarfi, amma ba ta lallashin ƙwallo. In ya zo da tsalle ya same ta sai ya yi gaba abinsa, tafin hannun mai ita kuma ya ɗauki zugi. Bugu da ƙari tsakuwa tana cin dunduniyarta kamar magagari, kuma da yake cikinta rami ne, ranar da ta huje ta gama aiki. Gorar ice kuwa, irin wadda ake sassaƙawa da icen malberi a Sialkot ta Pakistan da Jalandhar ta Indiya, ko wadda aka yi da zaren gilashi da ɗan kabon kaɗan, tana da taushi, tana tare ƙwallo ya kwanta, kuma in ta ci ƙasa ana iya yi mata magani. Haka nan gora mai lanƙwasa sosai can kusa da kai, an yi ta ne don gwanaye masu ɗaga ƙwallo su cilla shi raga. A fili mai gargada sai ta riƙa ɗaga ƙwallo ko mai ita bai nufa ba, fuskokin abokan wasa kuwa suna nan a gaba. Ashe ke nan a ƙasarmu mai arahar ita ce ta fi dacewa.

Sai batun tsawo. Yawancin gororin manya inci 36 da rabi ne, ko 37 da rabi. Yadda aka koya mana shi ne mutum ya sa takalminsa na wasa, ya miƙe tsaye, ya dasa kan gora a ƙasa gefen ƙafarsa. In ƙarshen mariƙin ya zo daidai ƙashin ƙugu, to, tasa ce. Wadda ta wuce nan za ta riƙa zungurinsa a ciki, ƙwallo kuma ya riƙa kuɓuce masa a kusa da ƙafa. Wadda ta kasa kuwa, bayansa ne zai biya bashin, musamman mu da shekaru suka tura. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka miƙa wa gorar babansa, bai koyi komai ba sai jan kaya, gama zanen aro ba ya rufe katara. Maganin abin zarto ne. Akan yanke ta sama, wajen mariƙi, ba a kusantar kai. A rage inci ɗaya, a buga kwana biyu a ji, in da bukata a ƙara, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa. A kuma tuna duk abin da aka rage a sama, nauyi zai ƙara rinjaya wajen kai. In gorar mai rami ce, sai a goge bakin da samfefa a mai da murfinsa. Bahago kuma kada ya wahal da kansa neman tasa dabam. Fuskar gora mai faɗi a hagu take ga kowa, doka ba ta yarda da wata ba, kuma hannun hagu ne ma ke sama yana juya ta, saboda haka bahago bai yi asara ba.

Mariƙi shi ne inda kowa ke nuna dabararsa. Da bazara, sa'ad da zafin Kontagora ke tsiyayar da gumi, robar da ta zo da gora takan yi santsi, gora mai santsi kuwa ba ta da bambanci da jifa. Waɗansu cikinmu suna tsaga tsohon tawul su naɗa. Waɗansu suna fara sa tsumman tayar keke daga ciki don ya shanye zugi. Ni wani baduku ne a kasuwa ya yanko mini jemammiyar fatar akuya siririya, ya naɗa ta yadda suke naɗa ƙotar wuƙa, bayan fatar yana waje, ga shi shekara uku ke nan ba ta warware ba. Sai dai kada kauri ya yi yawa, domin hannun dama sakwa-sakwa yake riƙo, cikinsa gora ke juyawa. Dunduniya kuma, inda ƙasa ke ci, akan shafa mata gam mai ƙarfi irin mai haɗi biyu, in ya bushe a goge shi ya yi sumul. Gorar ice tana tsoron abu uku: rana, da iskar hunturu, da gara. Ni nakan shafa wa kan tawa ɗan man kaɗanya in sanyi ya shigo, in rataye ta a ɗaki, ba na jingine ta a ƙasa.

Amma fa gyara yana da iyaka, kuma hukumar hoki ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta shata ta. Nauyin gora kada ya wuce giram 737, tsawonta kada ya wuce santimita 105, lanƙwasarta kada ta wuce milimita 25, kuma duk da abin da aka naɗa mata, tilas ta iya ratsa zobe mai faɗin milimita 51. Ba a yarda da kaifi ko tsini ko ƙarfe a jikinta ba. Na taɓa ganin wanda ya ɗaure tsagaggiyar gora da waya, ya buga mata ƙusa. Muka ce masa ya ajiye ta ko ya koma gefe ya yi kallo. Ko da babu alƙalin wasa a filinmu, ƙafafun da ke ciki na masu iyali ne.

A nan zan ɗan kai mai karatu ƙasar sanyi, domin akwai darasi a can. Hoki yana da ɗan'uwa wanda ake bugawa a kan ƙanƙara, mutum shida shida, da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. A Montreal ɗin nan aka fara shirya shi cikin ɗaki a 1875. Maimakon ƙwallo suna buga wata baƙar roba mai tauri, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1. Babu masu taɓa kayansu kamar mutanen nan. Suna yanke sanda da zarto, suna naɗa mata tef kowa da salonsa, suna wasa ƙarfen takalmi, har gasa takalmin suke yi ya yi laushi, su sa ƙafa ya ɗauki siffarta. Duk da haka hular kwano ba a huda ta, ba a rage ta, in ta tsage sai a yar. Da jini suka sayi wannan hankali. Masu tsaron gidansu da fuska a buɗe suke tsayawa, har ran 1 ga Nuwamba 1959, sa'ad da roba ta fasa fuskar Jacques Plante, golan Montreal. Bayan an ɗinke shi ya ce ba zai koma ba sai da makarin fuska. Aka yi ta yi masa gorin tsoro, yau kuwa ba golan da ke shiga babu shi.

Darasin ke nan: kayan bugu ana gyara su yadda aka ga dama cikin doka, kayan tsaro kuwa daidaita su ake yi da jiki, ba a rage musu komai. Ƙwallon hoki nauyinsa giram 156 zuwa 163 ne, tauri kamar dutse, kuma a hannun gwani yana wuce kilomita 100 a sa'a. Makarin ƙwauri na ƙwallon ƙafa ya yi masa kaɗan. Na hoki ya fi kauri, yana tashi daga ƙarƙashin gwiwa ya sauko ya rufe idon sawu ciki da waje. Samari sukan yanke wannan ɓangare na ƙasa wai yana sa su zafi, alhali kuwa daidai nan gora ke sauka. Robar kare haƙora kuma ba ta da tsada. Akan tsoma ta a ruwan zafi kamar rabin minti, a ɗan bari ta huce, a cije ta a haƙoran sama, a danna da yatsu da harshe, sa'an nan a jefa ta a ruwan sanyi. In ta zauna da kanta ko an buɗe baki, ta yi daidai.

Shekarun baya wani saurayi ya zo mana da gora sabuwa ful, wadda wani ɗan kasuwa a birni ya sayar masa, ya ce irin ta manyan 'yan wasa ce. Kuɗinta ya isa ya saya wa mutum biyar makarin ƙwauri. Bakinsa kuwa babu komai. Ran nan ƙwallo ya ci karo da tsakuwa, ya hau lanƙwasar gorar, ya same shi a baki, haƙora biyu na gaba suka zube. Abin da aka kashe wajen likita ya ninka kuɗin gorar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mahaifinsa ya hana shi wasan, ya hana ƙannensa biyu, wani maƙwabcinsu ma ya janye nasa ɗan. Rana ɗaya muka rasa yara huɗu, a wasan da ko mutum ashirin da biyu ba kullum muke cikawa ba.

Saboda haka ga jerin da nake ba duk mai shirin saye. Robar haƙora da makarin ƙwauri su ne na fari. Sai takalmi: mai ƙananan haƙora da yawa, gama dogayen ƙusoshin takalmin ƙwallon ƙafa ba sa kama busasshiyar ƙasa, sai su murɗe ƙafa. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa da makarin ƙwauri a jiki. Sai safar hannun hagu, don gaɓoɓin yatsu da ke gogar ƙasa wajen tare ƙwallo. Gora ita ce ta ƙarshe, kuma ta gwanjo ma ta isa, in an duba ta da kyau: a ƙwanƙwasa ta a kan siminti, in ta yi amon fasasshiyar tukunya a bar ta. Kayan gola kuwa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a yi karo-karo. Hular babur ba ta da ragar ƙarfe a fuska, ba ta zama madadi. Ranar da babu cikakkun kaya, mukan ƙanƙanta raga mu buga babu gola, kuma ba a ɗaga ƙwallo sama da gwiwa.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin makarantu na ƙasar Kontagora, daga manyan makarantu har zuwa ƙananan sakandare, da su buɗe ɗakunan ajiyarsu su duba. Na tabbata a waɗansu akwai tsofaffin gorori jibge, gara na shirin gamawa da su. Da kafinta ɗaya da baduku ɗaya, da zarto da gam da fata, rabinsu za su tashi. Kuɗin da aka tsimi ta nan sai a sayo wa yara abin kare baki da ƙwauri. Garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864 bai rasa masu aikin hannu ba, bai kuma rasa yara masu gudu ba. In aka ce sai an shimfiɗa ciyawar roba za a fara, yaran da ke firamare yau za su yi jikoki ba su taɓa riƙe gora ba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.