Sammore da San da Zai Biya Mini Kuɗin Jarrabawa

Ina aji biyar a sakandare ɗaya daga cikin shanun huɗarmu biyu ya fara ramewa. Shi ne wanda Baba ya ware zai sayar bayan damina ya biya mini kuɗin jarrabawar WAEC. Da rani an kai su kiwo bakin rafi, inda akwai kurmi da ɗanyar ciyawa. Makonni kaɗan da dawowarsu sai san ya daina kuzari, idonsa na zubar da hawaye, gashinsa ya tashi. Yana ci, amma haƙarƙarinsa sai ƙara fitowa yake.

Wani Bafulatani maƙwabcinmu ya buɗe idon san, ya ga cikinsa ya yi fari fat, ya ce: "Malam, sammore ne." Baba ya sayo allura a kasuwa, ya raba ta biyu domin ta ishi shanun duka. San ya ɗan farfaɗo, sannan ciwon ya dawo. Daga ƙarshe mahauta suka saye shi da arha, sai da Inna ta sayar da awakinta kafin na zana jarrabawar.

Yanzu da nake karatun likitan dabbobi na gane abin da ya faru. Sammore wata ƙwayar cuta ce da ke shiga jini, ƙudan tsando ne ke ɗaukarta daga dabba zuwa dabba idan ya yi cizo. Wannan ƙuda yana son inuwa da laima, kamar kurmin da aka kai shanunmu. Cutar tana rage jini, shi ya sa idon ya yi fari. Tana kuma rage nono, tana sa saniya ɓari. Wani nau'inta ne ke jawo wa mutane ciwon barci. A Kaduna akwai cibiyar bincike ta ƙasa, NITR, da aka kafa saboda wannan cuta.

Na kuma gane cewa ana auna allurar ne da nauyin dabba. Idan aka rage, ba ta kashe ƙwayoyin duka, waɗanda suka tsira kuma sai su daina jin magani. Baba bai yi don sakaci ba, babu wanda ya karanta masa takardar maganin. Ni da nake iya karatu ina tsaye a wurin, ban ko duba ba. Wannan ne ke damuna har yau.

Ƙannena, idan kuna da shanu a gida, ku lura da su bayan an dawo da su daga kurmi. In kun ga rama da hawaye, ku roƙi iyayenku a kira malamin dabbobi. In an sayo magani, ku karanta musu abin da ke jiki kafin a yi allura.