Ragon da Ya San Hannuna

Ɗan Wudil ba ya buƙatar kalanda kafin ya san gobe Juma'a. Tun daren Alhamis kukan shanu ke shigowa har cikin ɗaki, manyan motoci na tsallako gada, makiyaya na koro garke ta bakin kogi, kafin hantsi kuma ƙurar Kara ta turnuƙe gari. A kasuwar nan na koyi sanin dabba da irinta tun ban iya haɗa baƙi ba: Bunaji fari mai baƙin kunne, Rahaji ja mai dogon ƙaho, Bokolo mai tozo da guntun ƙaho. A ɓangaren tumaki ga Balami, ga Uda, ga 'Yankasa. Da yamma a yi lodi a nufi Legas da Fatakwal. Naman da za a ci a kudu mako mai zuwa, mu mun gan shi yana tafiya da ƙafarsa.

Baba ba ya sayen ragon layya ana gobe Sallah. Yakan sayo ɗan matashi tun da sauran wata biyar ko shida, ya ɗaure a turke kusa da rumbu, ya ce wa ɗaya daga cikinmu, "Ga amanarka." A shekarar 1985 amanar ta faɗo kaina, ina ɗan shekara goma. Uda ne, gabansa baƙi, bayansa fari, kamar an tsoma rabinsa a tawada. Ni ke kwaɓa masa dusa, in jefa masa ɗan gutsuren kanwa a ruwa, in sauko masa da harawa daga kan rumfa. Da damina ta kama, ni ke yanko masa ɗanyar ciyawa bayan an tashi daga makarantar allo. Ya kai idan na shigo gida, tun daga zaure yake gane takuna ya fara kuka.

A shekarar muna da baƙo. Farin 1984 ya cinye masa dabbobi a can ƙasar Maradi, ya gangaro kudu kamar dubban 'yan'uwansa, ya riƙa taya dillalai kora a Kara yana samun na tuwo. Baba ya ba shi shagon ƙofar gida. Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa tun watan Afrilun 1984, saboda haka zancen zuwa gida Sallah bai taso ba. Muna kiransa Kawu. Mutum ne marar yawan magana, amma duk safiya sai ya tsuguna gaban ragona, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa gadon bayansa. Sai da na girma na fahimci abin da mutumin da ya rasa garke guda yake nema a jikin ragon wani.

Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Agusta, damina tsakiya. Ana jajibiri na kai Uda kogi na wanke shi da sabulu har farin ya yi ƙal. Baba ya wasa wuƙarsa a bayan gida, inda ragon ba zai gani ba. Da aka sauko daga Idi, aka tabbatar liman ya yanka nasa, sai aka haƙa ɗan rami a tsakar gida, aka ba ragon ruwa, aka kwantar da shi ta hagu yana fuskantar alƙibla. Ni kuwa na sulale ɗakin Inna na kwanta bayan gado.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya leƙo ya ce, "Taso ka riƙe masa ƙafa. Kai ka ciyar da shi, kai ya sani. In ya ji hannunka zai natsu."

Na taso. Na riƙe. Har yau tafin hannuna bai manta ɗumin ƙafar nan ba, da yadda ta yi ta shure-shure, da yadda ta saki. Baba ya yi bisimilla da kabbara, ya ja wuƙa sau ɗaya, ya roƙi Allah ya karɓa. Na yi kuka sosai, kuma cikin manyan da ke wurin babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ce namiji ba ya kuka. Kawu ya ɗora hannu a kaina ya bar shi a nan har na yi shiru.

Da aka zo fiɗa, aka tsaga fatar ƙafa aka hura har ragon ya kumbura, fata ta rabu da tsoka. Aka fito da hanta, da huhu, da zuciya, da ƙoda, da saifa, Baba yana nuna mini kowanne yana faɗin sunansa. Da mata suka juye tumbi don wankewa, sai na ga ciyawar da na yanko masa jiya da yamma, koriya shar, ba ta gama narkewa ba. Ban taɓa samun darasin da ya kai wannan shiga jiki ba. Ciyawar da na ɗauko a kaina ita ce ke zama naman da zan ci.

Al'adarmu ta ƙasar Kano sananniya ce: ranar Sallah a ci kayan ciki, a rataye rago ya kwana ya tsane, washegari a daddatsa a soya a kasko, a adana cikin mai. Amma Kawu ya dubi Baba ya ce, "Maigida, in ka yarda, bar mini shi in yi masa irin na gida." Inna ba ta so ba. Tana ganin naman da bai shiga mai ba ba zai kwana uku ba cikin wannan laima, ga kuma ɓarnar itace. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce baƙo ma yana da hakkin ya ji ƙanshin garinsu ranar Sallah.

Kawu ya saro sanduna biyu ɗanyu ya giciya su, ya banƙare ragon a kai, ƙafa huɗu a miƙe, haƙarƙari a buɗe. Ya shafe shi da gishiri, ya kafa shi a ƙofar gida a ɗan karkace. Wutar ba a ƙarƙashi ya hura ta ba, a gefe ya tara itacen, da tazarar kamar taku ɗaya, don zafi ya riƙa bugun naman a hankali ba harshen wuta ba. Ya ajiye kwano a ƙasa yana tare man da ke ɗiga. Daga azahar har bayan isha'i yana nan, ya juya gaba, ya juya baya, ya janye garwashi, ya matso da shi. Da hadari ya taso wajen la'asar, samarin unguwa suka kawo tsohon kwanon rufi suka tsaya riƙe da shi a kan wutar har yayyafin ya wuce. Shekaru da yawa bayan haka na yi Sallah a Maradi, na ga tituna jere da irin wannan, raguna goma ko fiye sun kewaye wuta ɗaya, sai na gane abin da Kawu ya yi kewa a ranar.

Maƙwabta sun taru. Wasu dattawa suka ce wannan ba irin namu ba ne, rago a tsaye kamar ana shanyar fata. Amma babu wanda ya tafi. Rago guda a banƙare ba ya ɓoyuwa, kuma ba ya ciyuwa a ɗaki. Duk wanda ya wuce ya san gidan da aka yi, ya san akwai rabonsa. Washegari Baba ya zauna da wuƙa yana rabo, kowane yanki da sunan gidan da za shi: cinya ga gwaggonmu, karfata ga maƙwabcin da bai samu yin layya ba, haƙarƙari ga almajiran tsangayar bayanmu. Kai da ƙafafu aka babbake, fata aka bayar sadaka domin ba a sayar da komai na layya, jela kuwa Kaka ta busar ta adana sai daren Cika-ciki. Cikin kwanakin Sallar nan ne, ranar 27 ga Agusta, rediyo ya ba da labarin sojoji sun kifar da gwamnatin Janar Buhari, Janar Babangida ya hau. Manya sun kewaye rediyo a dakali, mu muna ta zirga-zirga da kwanukan nama. Naman da ya rage, Inna da kanta ta yarda ya yi ƙarko.

Abin da ya tuno mini duk wannan wani biki ne da muka je a Kano bara. Aka shigo da gasasshen rago guda a kan faranti, an cusa masa shinkafa, jama'a suka miƙe da wayoyi suna ɗauka. 'Yata mai shekara goma sha ɗaya ta kawar da kai ta ce, "Abba, ai da kansa da komai!" Ta ƙi ci. Yarinyar da ba ta ƙin tsire, ba ta ƙin balangu. Da aka watse na ga rabin ragon a kan tebur, an yayyage gefe ɗaya an bar shi ga masu shara, kuma wannan ya fi ƙin cin nata damuna.

Ban ga laifinta ba. Ni ne shekara da shekaru nake miƙa wa mahauci kuɗi da rago ranar Sallah, in karɓo nama a leda, saboda gidan haya ba filin yanka, saboda gaggawa. A saninta nama daga firji yake fitowa. Na san duniya ta canza, kuma ba duk canjin ne asara ba. A 1983 aka fara bai wa alhaji damar biyan kuɗin hadaya ta hannun Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ba tare da ya ga dabbar ba, naman da a da yake lalacewa a Mina yanzu yana isa ga mabuƙata a ƙasashe da dama. Wannan alheri ne. Amma masu cewa a kawar da idon yara daga yanka don tausayi, ina so su tsaya bakin gadar Wudil da yammacin Juma'a su kalli shanun da aka cusa a mota, an ɗaure ƙaho da ƙaho, za su yi doguwar tafiya zuwa kudu cikin rana da ƙishi. Wahalar dabba ta fi yawa a inda mai cin naman ba ya gani. Ragona an shayar da shi, an ɓoye masa wuƙa, ya mutu hannun da ya sani yana riƙe da shi.

Wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah na ɗauki yarinyar muka tafi Kara. Ta toshe hanci da mayafi da farko, daga baya ta manta. Ita ta zaɓi ɗan Uda, na biya, na ba dillali la'adarsa, muka sa shi a bayan mota. Yanzu yana ɗaure a lungun da muke shanya. A hanyar dawowa, mun wuce gada kenan, ta ce, "Abba, dole ne in riƙe masa ƙafa?" Na ce ba dole, ranar ta duba zuciyarta. Ba ta sake tayar da zancen ba. Jiya da daddare ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce harawa ta ƙare, kuma tun da rana yake kuka.